Kowa Ya Ci Ladan Kuturu: Magana a Kan Gidajen Haya

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da wanda ya fara yin wannan karin magana ya taɓa zama a gidan haya, da ya sake mata fasali, domin a gidan haya mai ɗaki bai san inda yake yoyo ba. Ɗan haya ne ya sani, shi da ya kwana yana jan katifa daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana tara tasa da tukunya a ƙarƙashin silin, littattafansa a ƙulle cikin leda. Mai ɗakin kuwa yana can wata unguwa, ko ma wani gari, ba a ganin ƙeyarsa sai ran da shekara ta zagayo.

Da yawa daga cikinmu mun ɗanɗana wannan zama. Wanda bai sami gado a ɗakunan kwanan ɗalibai ba ya san hanyar Samaru, ko Ɗanbare, ko Gwallameji, ko Mairi, gwargwadon garin da neman ilmi ya kai shi. Wanda ya gama ya kama aikin gwamnati kuwa, albashinsa na farko bai shiga aljihu ba sai da dillali ya san da zamansa. Mu kanmu mun yi damina biyu a wani gida da ba za mu faɗi sunan mai shi ba, inda muka aika saƙo har sau huɗu a kan kwano guda ɗaya tak da iska ta ɗaga. Kullum amsar ita ce Alhaji ya ji, za a zo. Ba a zo ba sai da silin ya rufto, Allah ya kiyaye babu kowa a ɗakin, kuma tambayar farko da aka yi mana ita ce wa zai biya.

To, amma ba kuka muka zo yi ba, kukan ɗan haya ya tsufa. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wani tunani ne da ya fi wannan nauyi, watau mu ɗin nan mu ne masu gidajen hayar gobe. A tambayi kowane matashin ma'aikaci burinsa, zai ce aure, da abin hawa, da fili, da gidan kansa, sa'an nan in Allah ya buɗa ya gina na haya domin ranar tsufa, tun da kowa ya ga yadda 'yan fansho ke wahala. Shi ma Alhajin nan namu an ce tsohon akawu ne, ya yi zaman ɗaki ɗaya da iyalinsa, ya tara ruwan yoyo kamar yadda muka tara. Ba mu zaton mugun mutum ne. Abin da muke zato shi ne ya ɗauki gidan haya tamkar rumbu, wanda za a cika sau ɗaya a yi ta ɗiba. Alhali kuwa gidan haya ya fi kama da garke: yana ba da nono, amma yana cin dusa, yana son makiyayi, in aka yi sakaci da shi ya rame ya mutu. Sana'a ce mai aiki da lissafi da alkawari, kuma wanda ya shige ta bai san haka ba zai cuci mutane, ya kuma cuci kansa.

Kalmar nan "maigida" ma tana da tarihin da ya kamata mu tuna. A zamanin fatauci, in ayari ya sauka a zango, kamar Fagge a Kano ko Salaga a ƙasar Gwanja, kowane falke yana da fatomansa. Fatoma shi zai ba shi masauki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, in an sayi kayan bashi ya tsaya a kan a biya. Wani mai nazarin zaman jama'a, Abner Cohen, ya bayyana irin wannan tsari a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan masu cinikin shanu da goro. Arzikin maigida a wannan tsari yana rataye ne a kan jin daɗin baƙonsa, domin in sunansa ya ɓaci, baɗi fatake su sauka a gidan wani. Ba mu cewa a koma zamanin jakuna, kuma mun san fatoma la'ada yake ci, ba kuɗin ɗaki ba. Sai dai ya san wani abu guda da magadansa na yau suka manta: mutumin da ke kwana a ƙarƙashin rufinka abokin cinikinka ne.

Haya irin ta wata-wata ta bunƙasa ne da zuwan Turawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari da Tudun Wada a manyan garuruwa domin baƙin ma'aikata, masu hali suka gina ɗakuna a jere suna sa mutane. Manyan ma'aikata suna kwatas ɗin gwamnati, ƙanana suna gidan yawa. Da kuɗin man fetur ya shigo, aka biya ƙarin albashin Udoji da ariyas a 1975, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a wannan shekara, masu gidaje kuwa ba su bari an bar su a baya ba. Gwamnatin soja ta kafa kwamitin duba kuɗin haya a 1976, jihohi suka yi dokokin ƙayyade haya da kotunan sauraron ƙara. Dokokin suka zauna a takarda, haya ta ci gaba da hawa, saboda doka ba ta ƙara ko ɗaki ɗaya a gari. A watan Maris na 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, wadda ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, ta yadda mai fili a birni takardar izinin zama yake riƙe da ita, galibi ta shekara 99, kuma ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da yardar gwamna. Shugaba Shehu Shagari ya zo a 1979 da shirin gina gida 2,000 a kowace jiha kowace shekara. An gina wasu, har yau ana kiransu da sunansa, amma ba a kai ko kusa da abin da aka ƙudurta ba. A 1992 aka kafa asusun gidaje na ƙasa, ana yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci. Daga 2003 kuma gwamnatin tarayya ta mai da haƙƙin gida ya zama kuɗi a cikin albashi, ta shiga sayar da kwatas-kwatas ɗinta.

Mun kawo wannan tarihi ne domin a ga inda ya ajiye mu. Gwamnati ta gwada ƙayyade haya, ta gwada gini, ta gwada ba da rance, daga bisani ta janye jikinta. Wanda ya rage yana ɗauke da malamin firamare da ɗan sanda da nas da ɗalibi shi ne ƙaramin mai gida, tsohon ma'aikaci ko ɗan kasuwa ko gwauruwa mai riƙon marayu, wanda ke da ɗaki shida ko goma. Saboda haka yadda wannan mutum yake tafiyar da gidansa ya wuce sha'aninsa shi kaɗai, ya shafi lafiyar gari da mutuncin ma'aikata.

Bari mu yi lissafi, domin a nan yawancin masu gida suke faɗuwa tun ba su fara ba. A ce, misali, mutum ya kashe naira miliyan 30 tsakanin fili da gini, ya fitar da ɗaki takwas kowanne da banɗakinsa, yana ba da kowane ɗaki naira 250,000 a shekara. In duka sun cika, miliyan 2 ke nan, bai kai kashi 7 cikin ɗari na abin da ya zuba ba. Daga ciki a fitar da ladan wakilin da ke karɓar masa, a ce 200,000. A ɗauka ɗaki ɗaya ya zauna babu kowa, ko wanda ke ciki ya gagara biya, an rasa 250,000. A ware 300,000 domin gyara da fenti, da 50,000 domin kwashe masai da harajin ƙasa. Abin da ya saura miliyan 1 da 200,000, watau kashi 4 cikin ɗari, kuma sai ya shekara 25 kafin uwar kuɗinsa ta dawo. A gwada wannan da takardun sukuk na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, waɗanda suka riƙa ba da kashi 16.47 a shekara ba tare da mutum ya hau tsani ya duba kwano ba. A kuma tuna a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8.

Me ya sa ke nan mutane ba su daina gina gidan haya ba? Saboda ƙasa ba ta ruɓa, kuma darajarta tana bin tsadar rayuwa a lokacin da kuɗin da ke banki ke narkewa. Wannan gaskiya ne, kuma hujja ce mai ƙarfi. Sai dai akwai wani rabin gaskiyar da ba a faɗa: filin ne ke ƙara daraja, ginin da ke kansa kullum raguwa yake yi. Tun daga ranar da magini ya sauke cokalinsa, rana da ruwa da gara suka kama nasu aikin. Mai gidan da ya ga ribar haya ba ta taka kara ta karya ba, yakan nemi cike giɓin ta hanya biyu, ya daina gyara, ya kuma nemi kuɗin shekara biyu a dunƙule. Mu a ganinmu duka biyun cin uwar kuɗi ne da sunan riba.

Mu fara da gyara. Ƙusa ɗaya ce ke kwancewa a jikin kwano, iskar farkon damina ta ɗaga shi. Aikin kafinta ne na rabin yini. In aka bari, ruwa ya sauka a kan katakon rufi ya ruɓar da shi, ya jiƙa silin ya yi ciki, ya gangara ta jikin bango yaɓe ya fara zuba, ya sami wayar lantarki. Kafin damina ta uku, abin da za a gyara da kuɗin cefanen kwana biyu ya koma sai an sauke rufi gaba ɗaya, da farashin siminti da katako na wannan shekarar, ba na shekarar da ƙusar ta kwance ba. Haka kwatar da ta toshe take cin gindin katanga a hankali, haka famfon da ke ɗiga yake jiƙa harsashin gini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji masu magana, kuma a nan ba karin magana ba ne, zahiri ne. Daga nan sai gidan ya fara zaɓen mutanensa: mai mutunci da ke biya a kan kari ya tattara ya bar shi, wanda ba shi da zaɓi ya shigo, shi ma ya riƙe gidan yadda ya ga mai shi ya riƙe shi. Mai gida mai hankali, da haya ta shigo, kafin ya taɓa ko kwabo zai ware kason gyara ya ajiye daban, ya ɗauka ba nasa ba ne, na gidan ne.

Batun kuɗin shekara biyu kuwa shi ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, kuma ya kamata mu yi wa masu gida adalci kafin mu soke su. Suna da dalili. Kowa ya san ɗan hayan da ya biya wata uku ya zauna shekara, in aka kai shi kotu shari'a ta yi ta jan ƙafa yana zaune kyauta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka kuma a lokacin da farashi ke gudu, kuɗin da ke hannu yau ya fi na baɗi, in har an zuba shi nan take a bulo ko kwano. Amma masu gida nawa ne ke yin haka? Abin da muka fi gani shi ne kuɗin ya shigo a dunƙule ya fita a dunƙule, a biki ko sabuwar mota, sa'an nan a shiga wata 23 babu abin da ke shigowa daga gidan, babu kuɗin gyara, babu ma dalilin da zai sa mai gida ya taka ƙafarsa can. Ya kuma ɗaure kansa da farashi ɗaya har shekara biyu, ran da wa'adi ya cika sai ya nemi ramawa ya ninka haya lokaci guda, a yi baram-baram.

Ta ɓangaren ɗan haya abin ya fi muni. Mafi ƙanƙantar albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne a wata. Ɗakin nan na misalinmu, in aka ce sai kuɗin shekara biyu, naira 500,000 ke nan ban da la'adar dillali, watau albashin fiye da wata bakwai cur, ba ci ba sha. Mutumin da ake biya wata-wata, ina zai samo wannan? Ko ya ci bashi, ko ya jira kwasar adashi, ko kuwa ya fara duban fayil ɗin da ke kan teburinsa da wani ido. Muna yawan zagin ƙaramin ma'aikaci mai karɓar na goro, ba mu cika tambayar wane ne ya fara tura shi bakin wannan rami ba. Wanda ya nemi mai albashin wata ya kawo kuɗin shekara biyu, ya sani ko bai sani ba, yana da hannu a abin da zai biyo baya.

An gwada maganin wannan da doka. Jihar Legas ta yi doka a 2011 wadda ta haramta karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Ghana tun 1963 dokarta ta tsayar da abin a wata shida, amma a tambayi 'yan'uwanmu na zangon Kumasi ko Nima su faɗi ko shekara nawa ake nema a wurinsu. Muddin masu neman ɗaki sun fi ɗakunan yawa, ɗan haya da kansa zai roƙi a karya dokar domin kada wani ya riga shi. Maganin da muke gani yana hannun mai gida ne. Tsoronsa na rashin biya ana kashe shi tun a bakin ƙofa: ya san wanda zai sa a gidansa, inda yake aiki, inda ya taso da dalilin tashinsa, ya nemi mutum sananne ya tsaya masa, ya karɓi ajiyar wata ɗaya ko biyu saboda ɓarna, sa'an nan a riƙa biya wata-wata ko bayan wata uku ta banki, ranar da albashi ya shiga. Yanzu da kuɗi ke tafiya ta waya, hujjar wahalar bin mutane ƙofa-ƙofa ta faɗi. Mai gidan da kuɗinsa ke shigowa kowane wata yana da abin gyara kowane wata, kuma in ɗan haya ya fara santsi zai gane cikin kwana talatin.

Daga nan sai takarda. Akwai wata kunya da ke damunmu, wai neman a rubuta yarjejeniya alamar rashin yarda ce. "Haba, ai an zama ɗaya, mene ne na rubutu?" Da wannan magana aka ɓata zumunci da yawa. Malaman fiƙihu ma da suka yi bayanin haya sun shardanta a san lada a kuma san wa'adi, balle a zamanin da mutum ke haya a gidan wanda bai taɓa gani ba. Shafi ɗaya ya isa, da Hausar da kowa zai gane: nawa ne, yaushe za a biya, wa ke gyaran rufi da bango da masai, wa ke gyaran ƙwan fitila da makulli, mutum nawa za su zauna, wata nawa za a ba da sanarwa kafin ƙarin kuɗi. A zaga ɗakin tare ranar shiga a rubuta halin da yake ciki. Kowane biya kuma a ba da rasit. Wannan rasit ɗin ya ƙara daraja, domin dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2025 ta ba mai biyan haya rangwamen kashi 20 cikin ɗari na hayarsa ta shekara, iyakarsa naira 500,000, daga kuɗin da za a yanka masa haraji a kai. Mai gidan da ya hana rasit ya hana ma'aikaci hujjar neman haƙƙinsa.

Ya kamata kuma mai gida ya san iyakar ikonsa. In babu wata yarjejeniya da ta ce wani abu daban, dokokin karɓar gida a yawancin jihohi sun ba mai hayar wata sanarwar wata ɗaya, mai hayar shekara sanarwar wata shida, bayan ta cika a ƙara masa ta kwana bakwai, sa'an nan a tafi kotu. Cire ƙofa, ko kware rufi, ko watso kayan mutum waje, ko turo ƙarti, duk ɗaukar doka ne a hannu, kuma mai gida na iya shiga kotu yana mai gaskiya ya fito ana binsa diyya.

Mun ga amfanin rubutu a 2022, lokacin da yajin aikin malaman jami'o'i ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibai sun biya kuɗin shekara, suka kulle ɗakuna suka tafi gida, suka dawo aka ce wa'adi ya ƙare. Ɗalibi yana ganin bai zauna ba, mai gida yana ganin kayanka na ciki, makulli na hannunka, shi kuma da wannan kuɗi yake ciyar da iyali. Kowa da gaskiyarsa. Mun san waɗanda suka yafe rabi, mun san waɗanda suka fasa ƙofa. Waɗanda suka yafe, ɗakunansu ba su kwana babu kowa ba tun daga lokacin, domin ɗalibai suna gaya wa juna. Wanda zai gina gida a gefen jami'a ya san da irin wannan rana, ya rubuta yadda za a raba asarar tun ana dariya.

Wani ramin kuma shi ne wakili. Ma'aikaci yana Abuja, gidansa yana Gusau ko Azare, ya damƙa wa wani ɗan'uwa ko dillali. Ba laifi ba ne, amma wakilin da ladansa ke fitowa daga sa sabon mutum, ribarsa tana cikin a fita a shigo, alhali ribar mai gida tana cikin a zauna a daɗe. Sau da yawa saƙon ɗan haya a wurin wakili yake mutuwa, ƙarin kuɗin da aka ce Alhaji ne ya yi kuwa Alhaji bai ma ji labarinsa ba. Kowane ɗan haya ya kamata ya sami lambar mai gida, kuma mai gida ya zo da ƙafarsa aƙalla sau biyu a shekara, kafin ruwa ya sauka da bayan ya ɗauke, ya shiga banɗaki ya duba da idonsa. Rabin rigimar gidan yawa a kan wuta da ruwa da shara take. Mita mai kati ga kowane ɗaki ta fi sulhu goma. Sa'an nan ga kwaɗayin cike fili da ɗakuna har ba a bar tsakar gida ba. Masana kiwon lafiya suna son a bar tazarar kamar mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai, filin nan kuwa da muke kira hamsin da ɗari tsawonsa duka kusan mita 30 ɗin ne. Wanda ya cusa ɗaki goma sha biyu da rijiya da masai a cikinsa, ya san abin da yake shayar da 'ya'yan mutane.

Akwai wata al'ada da muke jin nauyin faɗa, amma sai an faɗa. Ba a ba gwauro, ba a ba bazawara, ba a ba ɗan ƙabila kaza, ba a ba mai addini kaza. Tun bayan rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 garuruwan nan suka rabu unguwa-unguwa, kuma masu gidaje suna cikin masu riƙe da wannan katanga. Mun san tsoro ne ya haifi abin, ba mu raina tsoron kowa ba. Amma tambayar da ta shafi mai gida ita ce ko mutumin nan zai biya, zai kula da ɗaki, zai zauna lafiya da maƙwabta. Malamar asibiti da mijinta ya rasu ta fi magidanta da yawa cika waɗannan sharuɗɗa. Mu da muka kwana ɗaki ɗaya da Bayarabe da Tibi da Babarbare a makaranta, muka ci a kwano ɗaya, in muka gina namu gidajen muka kafa irin wannan shinge, to, karatun bai ratsa mu ba.

Kada kuma mu wanke kanmu. Mu ne muke karɓar ɗaki mu biyu mu kwana mu shida. Mu ne muke jona waya ta bayan mita, mu kafa ƙusa a duk inda muka ga dama, mu toshe kwata da leda, mu sulale da dare da bashin wata uku mu bar makulli a ƙarƙashin dutse. Kowane ɗan haya da ya yi haka ya ƙara wa na bayansa tsada, domin mai gidan da aka yi wa sau ɗaya shi ne zai ce wa na gaba sai shekara biyu. Tsohuwar da ɗaki huɗu ne duk abin da mijinta ya bar mata, in aka gudu da hayarta an gudu da abincinta ne.

Muna ba ƙungiyarmu shawara ta ɗauki abu biyu da ba su fi ƙarfinta ba. Ta roƙi 'yan'uwanmu na sashen shari'a su tsara takardar yarjejeniya ta shafi ɗaya, da Hausa da Turanci, a buga a raba wa ɗalibai da masu gidaje kyauta. Ta kuma buɗe littafi a ofishinta inda duk wanda ya tashi daga wani gida zai rubuta abin da ya gani, ko ana gyara, ko ana ba da rasit, ko an mayar masa da ajiyarsa, masu gida su ma a ba su dama su rubuta nasu a kan waɗanda suka gudu da bashi. Sabon ɗalibi ya duba littafin kafin ya bi dillali. Masu unguwannin da ke kewaye da mu za a iya gayyatarsu su sa albarka, tun da rigimar haya a zaurensu take ƙarewa. In aka fara a wannan zangon karatu, kafin iskar watan Mayu ta taso za a san gidajen da ke bukatar kafinta.